Jagora ga Mai Son Digiri na Biyu da Aiki a Fannin Ƙididdigar Lafiya

A duk binciken lafiya mai nauyi akwai mutum ɗaya da ba ya taɓa majiyyaci, amma ba a farawa sai ya amince da tsarin, ba a kuma cewa magani ya yi aiki sai ya duba lambobin. Shi ne masanin ƙididdigar lafiya, fannin da ake kira bayostatistiks. Lokacin da aka yi gwajin MORDOR a Nijar da Malawi da Tanzaniya, inda aka riƙa ba yara 'yan wata 1 zuwa 59 maganin azithromycin sau biyu a shekara, irin waɗannan masana ne suka ƙayyade garuruwa nawa za a ɗauka, suka raba garuruwa 1,533 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, masu karɓar maganin da masu karɓar na bogi, sannan suka lissafa sakamakon da ya fito a 2018: mutuwar yara ta ragu da kashi 13.5 cikin 100 a ƙasashen uku a haɗe, a Nijar kuma da kashi 18.1. Mai son shiga wannan sana'a abu biyu ake nema a hannunsa tun kafin ya cika fom: lissafi mai ƙwari, da aiki guda ɗaya da ya yi da bayanai na gaske tun daga farko har ƙarshe.

Mataki na farko: auna lissafinka

Fara da wannan tambaya, da biro da takarda. Wata cuta tana jikin mutum 2 cikin kowane 100. Akwai gwajin da ke gano kashi 95 na masu cutar, yana kuma wanke kashi 95 na masu lafiya. An gwada wani, gwajin ya ce yana da ita. Mene ne yiwuwar cewa da gaske yana da ita? Yawancin mutane, har da ma'aikatan asibiti, kan ce 95. Ɗauki mutum 10,000. Masu cutar 200 ne, gwajin zai kama 190. Masu lafiya 9,800 ne, gwajin zai yi wa 490 ƙazafi. Waɗanda aka ce suna da cutar 680 ke nan, masu ita na gaske 190 kacal, wato wajen kashi 28. Idan wannan ya ba ka sha'awa har kana son sanin abin da zai faru idan cutar ta yaɗu zuwa kashi 20, to kana kan hanya.

Kwasa-kwasan da kwamitin ɗaukar ɗalibai ke nema a takardar sakamakonka sanannu ne. Kalkulas har zuwa mai canjawa da yawa, domin kusan duk hanyar ƙiyasi a wannan fanni tana komawa ga neman ƙololuwar wani lissafi, kuma ba za ka iya ba idan difirenshiyeshan da intigireshan suna ba ka tsoro. Aljabrar matiriks: ninkawa, juyawa, da sanin dalilin da ya sa wani matiriks ba ya juyuwa, wanda shi ne ainihin abin da ke faruwa idan ka cusa abubuwa biyu masu faɗin magana ɗaya a cikin rigireshan, lissafin da ke auna alaƙar abubuwa da wani sakamako, kwamfuta ta ƙi ba ka amsa. Sai ilimin yiwuwa da ƙididdigar lissafi. Mai niyyar digirin digirgir zai ƙara da riyal analisis, kwas ɗin da ake koyon kafa hujja layi bayan layi.

Wanda ya karanta lissafi ko ƙididdiga a Zariya ko Kano ko Sakkwato yana da waɗannan a takarda. Matsalarsa ita ce da yawa an haddace su ne don jarrabawa, an kuma manta. Littafin Casella da Berger shi ne ake koyarwa a shekarar farko a manyan makarantu da dama. Buɗe babobi biyar na farko, ka yi atisayen ƙarshen kowane babi. Inda ka maƙale, nan ne raminka.

Wanda ya fito daga likitanci, jinya, haɗa magunguna ko ilimin ƙananan halittu yana da abin da ɗan lissafi ba shi da shi, wato ya san cuta da yadda ake cika fayil a asibiti. Amma wannan ba ya maye gurbin kalkulas. Darussan MIT OpenCourseWare kyauta ne kuma suna da kyau, sai dai ba sa shiga takardar sakamako. Hanyar da ke barin shaida ita ce babbar difloma ta shekara ɗaya a ƙididdiga, irin wadda ake yi bayan digiri, ita ce kuma gadar mai HND. Ware awa ɗaya da rabi kullum na wata shida zuwa tara. Karatun dare ɗaya ba ya kama wannan ilimi.

Mataki na biyu: koyi rubuta umarni

A jami'o'inmu manhajar ƙididdiga ta SPSS ce ta yi kaka-gida, kuma ɗalibi yakan gama digiri yana danna maɓalli ba tare da ya taɓa rubuta layi ɗaya ba. Illar dannawa ita ce ba ta barin sawu. Bayan wata uku, malami ya ce a cire mutum goma sha biyu a sake lissafi, babu mai tuna abin da aka danna. Koyi R, yaren rubuta wa kwamfuta umarnin ƙididdiga. Kyauta ce, tana aiki ba intanet da zarar ka sauke ta da kayan haɗinta, kuma laftof mai RAM gigabait 8 ta isa. Abin da za ka iya kafin ka ce ka iya: shigo da fayil, gyara sunaye da kwanan wata, haɗa tebur biyu ba tare da layuka sun ninka ba, zana hoto mai ma'ana, rubuta ɗan fankishan naka, da haɗa rubutu da lissafi a takarda ɗaya da Quarto ko R Markdown. Ajiye komai da Git, manhajar da ke adana tarihin kowane gyara.

Sauran sun danganta da inda ka dosa. Kamfanonin magunguna har yanzu SAS suka fi riƙewa, kuma akwai SAS OnDemand for Academics da ake koyo da ita kyauta. Ƙungiyoyin lafiya da masu binciken annoba suna yawan amfani da Stata. SQL, yaren ciro bayanai daga rumbun bayanai, kowa zai buƙace ta. Yare ɗaya da ka ƙware a kai ya fi huɗu da ka ɗanɗana.

Mataki na uku: aiki guda, na gaske

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, domin shi zai zama jigon wasiƙarka da hirarka. Bayanan binciken alƙaluma da lafiya na Najeriya, NDHS, ana samunsu kyauta bayan rajista a shafin DHS Program da rubuta gajeren bayanin abin da za ka yi da su. Shirin ya samu tsaiko a 2025 bayan dakatar da kuɗin USAID, don haka idan izini ya yi jinkiri, koma ga makamancinsa, binciken MICS na UNICEF. Na Najeriya na 2021 yana nan. Mutumin Nijar yana da binciken EDSN-MICS na 2012.

Kafin ka yi naka sabon abu, fitar da lambar da aka riga aka buga. Rahoton NDHS na 2018 ya ce kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Buɗe fayil ɗin mutanen gida, mai alamar PR. Ma'aunin tsayi bisa shekaru yana cikin ginshiƙin da ake kira hc70, an ninka shi da 100, don haka yaron da ya tsumbure shi ne wanda ke ƙasa da −200. Lambobin da suka kai 9996 zuwa sama ba awo ba ne, alamu ne na awon da ya ɓaci. Idan ka bar su, matsakaicinka zai nuna yaran ƙasar nan ƙattai ne. Ɗauki yaran da suka kwana a gidan kawai. Raba hv005 da 1,000,000 ka samu nauyin kowane gida a lissafi, wato gwargwadon jama'ar da yake wakilta. Ka gaya wa kwamfuta cewa gungu, wato unguwa ko ƙauyen da aka ɗebi gidaje tare, yana hv021, rukunin zaɓe kuma yana hv022, ta hanyar svydesign a R ko svyset a Stata. Idan amsarka ta faɗo a 37, ka yi daidai. Idan ta kauce, a nan karatun yake, kuma sau da yawa za ka tarar ka manta nauyi ne, ko ka ɗauki fayil ɗin yara na KR, wanda ya ƙunshi 'ya'yan matan da aka yi hira da su kaɗai.

Maganar gungu tana buƙatar a tsaya a kanta, saboda ita ce kuskuren da ya fi yawa a kundayen digiri. Ɗalibai sun san lambar nan 384, yawan mutanen da ake cewa bincike ya ɗauka, wadda ke fitowa idan ka sa yaɗuwa rabi da rabi da kuskuren kashi 5. Lissafin yana ɗauka an zaɓo kowane mutum shi kaɗai daga cikin jama'a. Amma a aikace unguwa ake shiga a ɗauki mutum talatin, kuma mutanen unguwa ɗaya rijiyarsu ɗaya, asibitinsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, amsoshinsu suna kama da juna. Gyaran shi ne: cire ɗaya daga yawan mutanen gungu, ninka da ma'aunin kamancin da ke tsakaninsu, ƙara ɗaya. Da mutum 30 da kamanci 0.05, za ka samu 1 + 29 × 0.05, wato 2.45. Mutum 384 sun koma 941, tun ba a yi lissafin waɗanda za su ƙi amsawa ba. Wanda ya tsallake wannan zai fito da tazarar amincewa, wato iyakokin da ake sa ran amsar gaskiya tana tsakaninsu, siririya ta ƙarya, ya riƙa ganin bambanci inda babu.

Bayan haka ka zaɓi tambaya ɗaya ƙarama, misali alaƙar karatun uwa da tsumburewar yaro a Arewa maso Yamma. Rubuta a takarda, kafin ka taɓa bayanan, abubuwan da kake ganin suna shafar duka biyun, kamar wadatar gida da zaman karkara, da dalilin sa kowanne. Kada ka zuba abu arba'in a rigireshan ka tsince masu ƙimar p ƙasa da 0.05, lambar da aka saba ɗauka a matsayin alamar an gano alaƙa. Idan ka yi gwaji 20 masu zaman kansu alhali babu wata alaƙa ko ɗaya, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fito da alamar nasara ta kai kashi 64. Ƙirga waɗanda bayanansu suka ɓata, ka faɗi yadda ka yi da su. Rubuta shafi huɗu zuwa shida, ka ɗora umarnin a GitHub, shafin da ake baje irin wannan aiki. Bayanan kansu kada ka ɗora, yarjejeniyar da ka sa wa hannu ta hana.

Mataki na huɗu: wane digiri, a ina

Sunaye suna ruɗi. MSc ko MS a bayostatistiks yana da lissafi mai zurfi, shi ne ke kai mutum kujerar masanin ƙididdiga ko digirin digirgir. MPH digiri ne na lafiyar al'umma, mai faɗi, ƙididdigarsa ba ta da zurfi ko da an rubuta bayostatistiks a jikinsa. Ya dace da mai son jagorantar shiri. Kada ka tsaya ga suna, nemi jerin kwasa-kwasai. Idan babu ka'idar ƙiyasi, babu nazarin tsawon lokaci kafin aukuwar abu kamar mutuwa ko warkewa, babu nazarin awon da ake maimaitawa a kan mutum ɗaya, babu tsara gwajin magani, to ba shi ne kake nema ba.

A Najeriya, Jami'ar Ibadan tana cikin waɗanda suka fi daɗewa a wannan fage, a sashenta na ilimin annoba da ƙididdigar likitanci. Za a nemi shaidar bautar ƙasa ko ta yafewa. A nahiyar, akwai haɗakar SSACAB da Jami'ar Witwatersrand ta Johannesburg ke jagoranta, wadda aka kafa musamman don horar da masanan wannan fanni a Afirka kudu da Sahara. Cibiyar AIMS, da aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda. Mastas ɗinta na kimiyyar lissafi ne, da cikakken tallafi, kuma tsani ne mai kyau zuwa digirin digirgir. Mai karatu da Faransanci daga Nijar ko Chadi ko Kamaru ya dubi jarrabawar shiga ENSEA ta Abijan, ISSEA ta Yawunde da ENSAE ta Dakar. Sun fi karkata ga tattalin arziki, amma lissafinsu yana da ƙarfi, kuma daga nan ana wucewa makarantar lafiyar al'umma ta ISPED a Bordeaux ta Faransa.

A Turai, makarantar lafiyar al'umma ta LSHTM da ke Landan tana da mastas na shekara ɗaya a ƙididdigar likitanci, Jami'ar Hasselt ta Beljiyam kuma na shekara biyu. Shekara ɗaya gudu ce ba tsayawa. Wanda lissafinsa ya yi tsatsa zai sha wuya tun zangon farko. A Amurka akwai Johns Hopkins, Harvard, Michigan, Washington ta Seattle, North Carolina da Emory. Ka'idar can ita ce mastas kai za ka biya, digirin digirgir kuwa galibi ana yafe kuɗin makaranta a kuma ba da alawus, kuma ana iya nemansa kai tsaye da digirin farko idan lissafi ya cika. Sai dai dokokin biza sun tsananta tun 2025 ga ƙasashe da dama na yankinmu. Duba matsayin ƙasarka kafin ka biya ko sisin kwabo na fom.

Mataki na biyar: takardu da lokaci

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙirga wata goma sha biyu zuwa sha takwas baya daga ranar da kake son fara karatu. Abin da ya fi kayar da mutane takardar sakamako ce, domin fitar da ita daga jami'a kan ɗauki makonni ko watanni. Makarantun lafiyar al'umma na Amurka da yawa suna karɓar takardu ta shafin haɗaka na SOPHAS, wanda ke so hukumar WES ta tantance sakamakon waje, kuma WES ba ta karɓa daga hannunka, sai jami'arka ta aika da kanta. Fara wannan tun Yuni ko Yuli, saboda galibin shirye-shiryen digirin digirgir suna rufewa a farkon Disamba.

Ingila kan nemi daraja ta biyu babba, wato maki 3.50 zuwa sama a ma'aunin 5. Mai ƙasa da haka ya dogara ga makin kwasa-kwasan lissafi, da aikin da ya yi, da mastas na gida mai kyau. Sakamakon IELTS da TOEFL shekara biyu yake yi ya mutu, kada ka yi shi da wuri. Wasu jami'o'in Ingila ma suna karɓar Turancin WAEC a madadinsa. GRE, jarrabawar neman shiga karatun gaba da digiri, makarantu da yawa sun daina tilasta shi bayan 2020. Tallafin Chevening yana buɗewa a Agusta, yana son ƙwarewar aiki ta shekara biyu, kuma jagoranci yake dubawa fiye da lissafi. Na Commonwealth ya fi kallon karatu. Ɗan Najeriya yakan bi ta hukumar ba da tallafin karatu ta tarayya.

Wasiƙun shaida uku ne. Babban farfesan da bai san ka ba zai rubuta layi biyar na yabo wanda ba ya sayen komai. Malamin da ya koyar da kai ilimin yiwuwa, ya ga takardarka, zai iya cewa kana cikin biyar na sama a aji, shi ake so. Ba shi wata biyu, da takardar sakamakonka, da aikinka, da jerin ranakun rufewa, ka kuma tuna masa cikin ladabi. Ya aika da imel na jami'a, ba na kansa ba.

A wasiƙar bayyana manufa, bar labarin yadda kake son taimakon al'umma tun kana yaro, kowa haka yake rubutawa. Faɗi tambayar da ka bincika, inda hanyar da ka sani ta gaza, da kwas ko malamin da ke da abin da ka rasa. Jimla ɗaya kan yadda tazarar amincewarka ta faɗaɗa bayan ka sa gungu a lissafi ta fi sakin layi uku na buri.

Mataki na shida: aikin kansa

Hanyoyin uku ne. Ta farko cibiyoyin bincike: MRC a Gambiya, KEMRI-Wellcome a Kilifi ta Kenya, Navrongo da Kintampo a Ghana, Epicentre a Maraɗi, CERMES a Yamai, IHVN a Najeriya, da asibitocin koyarwa. Ta biyu hukumomi da ƙungiyoyi irin su hukumar daƙile cututtuka ta NCDC, da hukumar kula da lafiya a matakin farko, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, WHO da UNICEF, inda za ka yi fama da manhajar tattara bayanan lafiya ta DHIS2 da fom ɗin waya na ODK ko KoboToolbox. Da wuya a tallata aikin da sunan bayostatistiks. Nemi manajan bayanai, mai nazarin bayanai, jami'in sa ido da tantancewa. Yawancinsu kwantiragi ne da ke bin kuɗin masu tallafi, shi ya sa ake so ka riƙe fasahar da za ta bi ka duk inda ka koma. Ta uku kamfanonin magunguna da masu gudanar musu da gwaji, irin IQVIA, ICON da Parexel. Su suna son SAS, da tsarin shirya bayanan gwaji na CDISC, wato SDTM da ADaM, da sanin ƙa'idar ƙididdigar gwajin magani ta ICH E9. Takardar horon GCP, wato ƙa'idojin gudanar da gwaji a kan mutane, ana samunta kyauta a intanet cikin 'yan awanni, samu ta tun yanzu.

Abin da makaranta ba ta cika koyarwa ba shi ne zama da likita. Zai zo da fayil ɗin Excel mai launuka, an haɗe wasu akwatuna, an rubuta shekarun wani yaro “wata 8” na kusa da shi “2”, ya ce yana son ƙimar p zuwa Litinin. Kada ka buɗe fayil ɗin tukuna. Tambaye shi: mece ce tambayar a jimla ɗaya? Wa aka ɗauka, wa aka bari, wa ya yanke hukuncin? Kowane layi mutum ne ko ziyara? Akwatin da ba komai yana nufin babu, ko ba a tambaya ba? Waɗanda suka daina zuwa asibiti sun warke ne, sun ƙaura, ko sun rasu a gida? Akwai amincewar kwamitin ɗa'a? Sannan ku rubuta tsarin nazari na shafi ɗaya ko biyu, ku sa kwanan wata, ku kuma yi maganar sunanka a cikin marubuta tun a zaman farko. Kada ka karɓi fayil mai sunayen majiyyata da lambobin wayarsu ta WhatsApp. A cire su, a sa lambar sirri, asalin fayil ɗin ya zauna a wurin mai binciken.

A hirar ɗaukar aiki kusan irin wannan za a gwada ka da shi: ƙaramin fayil mai datti, awa biyu ko uku, sannan ka yi wa wanda bai san lissafi ba bayanin abin da ka gano. Kafin ranar, ɗauki sakamakon aikinka na NDHS ka bayyana shi da Hausa ga wata ma'aikaciyar jinya ko malamin firamare cikin minti uku, ba tare da ka ambaci ƙimar p ba. Duk inda aka tsayar da kai da tambaya, koma ka gyara wannan wurin, ka sake gwadawa da wani.